Yadda Ake Samun Bidiyo Mai Kaifi a Ƙarƙashin Ruwa da Hana Kwanson Ƙaramar Kyamara Yoyo

Duk wanda ya taɓa nutsewa ya buɗe ido a cikin ruwa ya san abin da yake gani: dishi-dishi, ko yatsun hannunsa ba ya iya ƙirgawa sosai. Da ya ɗaura tabaran ninƙaya, sai komai ya fito tas. To, tabaran nan ba na likita ba ne, gilashi ne zalla. Abin da ya yi kawai shi ne ya mayar wa ido da ɗan sararin iska a gabansa, domin an halicci idon mutum ne ya yi gani a cikin iska. Haka idon kyamara yake. Ƙananan kyamarorin nan da ake ɗaurawa a hula, a ƙirji ko a kan sanda, irin su GoPro, DJI Osmo Action da Insta360, duk an ƙera idonsu ya yi aiki da iska a gabansa. Saboda haka maganar kaifin hoto da maganar yoyo, a wurina, magana ɗaya ce. A cikin kwanso, wato akwatin hana ruwa da ake saka kyamara a ciki, akwai ɗan ɗakin iska busasshiya tsakanin idon kyamara da ruwa. Gilashin gaba shi ke tsara yadda haske zai shigo ɗakin, zoben roba, wanda ke zagaye bakin murfin kwanso, shi ke gadin ƙofarsa. In ɗakin ya zauna a bushe, gilashinsa kuma ya dace, ka gama rabin aiki tun kana kan tudu.

Mataki na farko: gane irin dishi-dishin da ke damunka

Mutane da yawa suna ganin bidiyonsu ya fito a dushe sai su ruga sayen sabon gilashi ko sabuwar fitila, alhali ba su san inda cutar take ba. Ruwa ba ya tsami banza. Kafin ka kashe ko sisi, yi wannan gwajin a wurin ninƙaya ko a babbar randa mai ruwa garai-garai. Samo tef ɗin awo ko doguwar rula, ka shimfiɗa ta daga bakin gilashin kyamara ta miƙe gaba, ka jingina abu mai rubutu, kamar katin roba, a santimita 20, da 40, da 60, da mita 1. Ajiye kyamarar a kan abu kada ta motsa, ka ɗauki daƙiƙa goma. Sannan ka riƙe ta a hannu kana juyawa dama da hagu, ka sake ɗauka. Daga nan ka bar ta tana ɗauka a cikin ruwan na minti goma sha biyar. Kalli sakamakon a babban allon kwamfuta, kada ka yarda da ɗan allon bayan kyamara, domin a kansa komai kyau yake yi.

Idan komai ya dushe, na kusa da na nesa, tun daƙiƙar farko, amma a waje kyamarar tana ɗauka lafiya, to gilashin gaba ne mai doro. Idan na nesa ya fito amma na kusa ya narke, ka matsa kusa ne fiye da ƙarfin idon. Idan hoton ya fara da kyau, bayan wasu mintuna tsakiyarsa ya yi fari kamar an zuba madara, gumi ne ya taru a ciki. Idan yana da kaifi a tsaye amma ya jagule da zarar ka motsa, laifin saurin ƙiftawar kyamara ne, wato tsawon lokacin da take barin haske ya shiga a kowane hoto, da ƙarancin haske. Idan kuwa wuri ɗaya tak ne ya dushe, duba gilashin: shatin yatsa ne, ko kumfar iska, ko ledar kariya da aka manta ba a ɓare ba. Wannan na ƙarshe yana faruwa fiye da yadda masu shi suke yarda su faɗa.

Mataki na biyu: gilashin gaba

Haske yana karyewa idan ya ratsa daga ruwa zuwa iska. Ma'aunin karyewar a iska 1 ne, a ruwa kusan 1.33. Idan gilashin da ke tsakani shimfiɗaɗɗe ne, abu yana bayyana kamar ya matso da kashi ɗaya cikin huɗu na nisansa, ya kuma ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, faɗin abin da kyamara ke iya kamawa kuma ya ragu. Wannan ba matsala ba ce babba, kyamara tana iya fokas a kansa. Amma idan gilashin mai doro ne, ruwan da ke jikinsa yana mayar da shi wani tabarau mai ƙarfi, sai ya tattaro duk abin da ke gaba ya ajiye inuwarsa, wato siffarsa da kyamara ke gani, dab da hancin kyamara. Ƙa'idar ita ce, abin da yake can nesa, inuwarsa tana tsayawa ne a nisan da ya kai rabin faɗin da'irar doron sau uku daga jikin gilashin. In doron ƙarami ne, mai rabin faɗi santimita 2, to duniya duka ta taru a santimita 6. Ƙananan kyamarori kuwa galibinsu fokas ɗinsu a kafe yake, ba ya tafiya gaba ko baya, ba za su iya ganin abu a wannan kusancin ba.

Wannan ita ce matsalar da GoPro na farko-farko, HD HERO da HERO2, suka yi suna da ita: kwansonsu na asali mai doro ne, a ruwa sai hazo. A 2012 kamfanin ya fitar da kwanson nutso mai shimfiɗaɗɗen gilashi, HERO3 kuma ta zo da irinsa tun daga kwali. Yau kusan duk kyamarorin da suka amsa sunansu gilashinsu shimfiɗaɗɗe ne. In naka mai doro ne, tsoho ko na arha, maganin shi ne ka canja kwanso. Na ga masu yanke doron su manna gilashi shimfiɗaɗɗe da gam. Yana aiki a ruwa mara zurfi, amma ni ba zan kai irin wannan ɗinkin zurfin mita 20 ba. Kyamarori masu ɗaukar kowane gefe, wato masu digiri 360, idanunsu dole masu doro ne, don haka a ruwa suna buƙatar kwanson nutso da aka yi musu musamman. In ba haka ba hoton ya dushe, ɗinkin da ke haɗa gefe biyu kuma ya karkace.

Akwai babbar ƙubba, mai faɗin kusan santimita 15, da ake sa wa kyamara don ɗaukar rabi sama rabi ƙasan ruwa. Tana da kyau a wannan aikin, tana kuma dawo da faɗin gani. Amma ka sani, ita ma tana jawo inuwar kusa, sai dai da yake tana da girma, inuwar tana faɗawa wajen santimita 20 zuwa 30 ko fiye, bakin iyakar abin da idon zai iya. Shi ya sa rabin ƙasa yakan ɗan fi na sama laushi. Kada ka ɗauka ta lalace.

Batun ƙarzuwa: wadda ke waje, in ba mai zurfi ba ce, ruwa yana cike ta har ta kusa ɓacewa. Wadda ke ciki, ɓangaren iska, ita ce ke fitowa a hoto. Don haka cikin gilashi ya fi wajensa buƙatar lallami. Hura ƙurar da ɗan famfon roba tukuna, sannan ka goge da ƙyallen tabarau mai tsabta, kada ka taɓa sa gefen riga.

Mataki na uku: tazara

Kowace kyamara mai kafaffen fokas tana da mafi ƙarancin nisan da take gani da kaifi, yawanci tsakanin santimita 30 da 60 gwargwadon samfuri. Gwajin rula da ka yi ya riga ya nuna maka naka. Tuna cewa a bayan shimfiɗaɗɗen gilashi abu yana bayyana kusa fiye da inda yake: wanda ke santimita 40, kyamara tana ganinsa a 30. Ke nan in iyakarta a iska 30 ce, a ruwa ba ta 40. In 60 ce, ba ta 80. Hanya mafi sauƙi ta tunawa a ƙasan ruwa, inda lissafi ke gudu daga kai, ita ce ka auna da jikinka: daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ko tsawon hannu duka.

A ɗaya gefen kuma, nisa ma abokin gaba ne. Ruwa komai tsabtarsa cike yake da ƙananan halittu da laka, kuma kowane taku da ka ja baya ƙarin labule ne tsakaninka da abin da kake ɗauka. Wurin da ƙaramar kyamara ta fi yin abin kirki shi ne tsakanin rabin mita da mita 2. Kada ka yi zum don cike giɓi, yanka hoton kawai yake yi ya buɗa shi. Matsa da jikinka.

In kana son ƙananan abubuwa, ɗan ƙaguwa ko idon kifi a raminsa, sai ka ƙara tabaran kusa a gaban kwanso. Ana auna ƙarfinsa da diyofta: mai +10 yana kawo fokas wajen santimita 10, mai +15 ya fi haka kusa. A nan akwai tarko. Tabaran kusa na ɗaukar hoto a tudu, mai gilashi guda, yana rasa kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa da zarar ya shiga ruwa, saboda bambancin karyewar haske tsakanin gilashi da ruwa kaɗan ne. Nemi wanda aka yi don ruwa, mai iska a kulle tsakanin gilasansa. Bayan ka shiga ruwa, ɗaga shi ka mayar don kumfar da ta maƙale tsakaninsa da kwanso ta fita. Kuma ka shirya wa ƙuncin fokas: da irin wannan tabarau, santimita biyu gaba ko baya sun isa su ɓata hoto. Wasu suna ɗaura siririyar sanda a ƙasan kwanso daidai tsawon da ake so, su riƙa auna tazara da ita ba tare da sun taɓa abin ba.

Akwai masu buɗe kyamara su murɗa idon a kan zarensa don su matso da fokas. A tsofaffin kyamarori masu idon da ke murɗuwa ana yi, amma an ɗaure shi da gam, garanti ya tafi, kuma a sababbin da jikinsu ke hana ruwa kana iya karya hatimin da ba ya gyaruwa. Ban ba da shawararsa sai ga wanda ke da kyamara ta biyu da ya sallama.

Mataki na huɗu: saiti da haske

Yi duk saitinka a tudu, domin allon taɓawa ba ya jin yatsa a ruwa, a cikin kwanso kuwa maɓallai biyu ko uku kawai gare ka. Zaɓi firam 60, wato hotuna 60, a daƙiƙa, ka kafe ƙiftawa a 1/120 na daƙiƙa, ko 1/240 in rana ta buɗe kuma kana sama-sama. Dalilin shi ne na'urar hana girgiza, wadda GoPro ke kira HyperSmooth, DJI ke kira RockSteady, Insta360 ke kira FlowState, tana daidaita firam ne bayan an ɗauka. Ba ta iya goge jirwayen da ya riga ya shiga cikin firam ɗin. In ka bar kyamara ta zaɓa wa kanta a wuri mai duhu, sai ta rage saurin ƙiftawa, ka samu hoto tsayayye amma yana wani irin makyarkyata kamar mai jin sanyi. Sa wa ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, iyaka a 400 ko 800, in ya wuce haka tsaki-tsaki ya cika hoton, na'urar share tsakin kuma ta shafe ƙananan zane-zane tare da shi. Ɗaga yawan bayanan da ake rubutawa a kati zuwa mafi girma, ka sauke ƙarin kaifi na kyamara zuwa matsakaici ko ƙasa, domin shi ba ya bambance ƙayar kifi da dattin ruwa, duka yake fito da su.

Ruwa yana shanye launuka ɗaya bayan ɗaya. Ja ne ke fara tafiya, wajen mita 5 ya kusa ƙarewa, ruwan lemo ya biyo baya, sai rawaya, har ya rage shuɗi ko kore kawai. Lissafin ya haɗa da zurfi da kuma nisanka da abin, domin hasken ya sauko ne daga sama sannan ya taho gare ka. Hoto mai launi ɗaya ido yana ganinsa a dushe ko da fokas ɗinsa daidai ne. Jan filta yana taimakawa a ruwa mai shuɗi, mai launin shunayya-ja kuma a ruwa mai kore, amma filta ba ya ƙara ja, rage sauran yake yi, don haka yana cin haske. Kada ka sa shi a ruwa mara zurfi, kada kuma ka haɗa shi da fitila a kan abu na kusa, komai zai koma jawur. Fitila ta fi, in abin yana cikin mita ɗaya ko ɗaya da rabi. Sai dai kada ka manna ta a jikin kwanso. Ɗora ta a hannu mai tsawo, can gefe, ka ɗan karkatar da ita waje yadda gefen hasken ne zai taɓa abin. In ta haska kai tsaye daga kusa da ido, duk dattin da ke tsakani zai yi ta ƙyalli kamar ƙura a hasken mota. Faranti mai mariƙi biyu da ake ɗora kwanso a kai kuma yana rage girgiza sosai. Ka bar rana a bayanka, ka yi motsi a hankali fiye da yadda kake jin ya kamata.

Mataki na biyar: zoben roba

A nan zan daɗe, domin nan ne kyamarori ke mutuwa.

Da farko san iyakar kayanka. GoPro na zamani na jerin HERO Black suna jure mita 10 tsirara, mita 60 a cikin kwansonsu na nutso. DJI Osmo Action 4 tana jure mita 18 tsirara, ita ma 60 a kwanso. Waɗannan lambobi na ruwa ne mai kwanciya da roba sabuwa. Tsalle daga jirgi ko dukan igiyar ruwa wani abu ne daban. Ni ko mita 5 zan yi a ruwan gishiri na fi son kwanso, domin canja kwanso ya fi canja kyamara sauƙi. Duba kuma murfin baya da ka ɗaura. Wasu kwansuna suna zuwa da murfi fiye da ɗaya: mai ramuka don sauti, wanda ba ya hana ruwa ko kaɗan, da mai siririyar fata don taɓa allo, wanda na ruwa mara zurfi ne, sai kuma daskararre na nutso. Haka ƙofar batir mai ramin waya, ba a shiga ruwa da ita. Wasu kwansunan, kamar Super Suit na HERO5 zuwa HERO7 Black, sai an cire murfin idon kyamara kafin ta zauna daidai. Karanta takardar naka.

Kowane mita 10 na ruwan teku yana ƙara matsi kwatankwacin wanda iska ke yi mana a tudu, wato kusan kilo 1 a kan kowane santimita murabba'i. A mita 30, murfi mai santimita 6 da 4 yana ɗauke da nauyin da ya haura kilo 70, kamar ƙato ya tsaya a kansa. Abin mamaki, wannan nauyin taimakon zoben yake yi, yana danna shi cikin gurbinsa ya toshe kowace kafa. Lokacin da zobe ya fi rauni shi ne a saman ruwa, inda sakata kaɗai ke riƙe da shi. Shi ya sa yoyo da yawa ke farawa a mitan farko, ko a bokitin ɗauraya inda kyamarori ke gwabza juna.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yi wannan aikin da daddare kafin ranar shiga ruwa, a kan teburi mai tsabta, ƙarƙashin fitila mai haske, ba a kan yashi ba, ba kuma a jirgi yana tangaɗi ba. Wanke hannu. In zoben irin mai fita ne, matse shi da yatsu biyu daga gefe biyu ka tura su wuri ɗaya har ya yi ɗan kunne, sai ka ɗaga. In ya ƙi, yi amfani da kusurwar katin roba. Allura, wuƙa, sukuddireba da farce mai kaifi duk haramun ne a nan, domin ƙarzuwa ɗaya a gurbin ta gama da kwanson. Kada ka ja shi kamar danƙo, in ya miƙe ba ya komawa.

Ɗauraye shi da ruwan daɗi, ka karkaɗe shi ya bushe da kansa. Kada ka goge da tawul ko tishu, suna barin zare. Sannan ka bi shi da yatsu a hankali, zagaye guda cikakke, ido a rufe ma in ka so, domin yatsa yana jin tsaga da ƙwayar yashi da ido bai gani ba. Lanƙwasa shi kaɗan-kaɗan a gaban fitila ka nemi tsattsagewa. In ya baje a gefe ɗaya, ko ya yi tauri, ko ya yi sako-sako a gurbinsa, kwanansa ya ƙare. Share gurbin da ɗan soso mara zare, ka kula da kusurwoyi da wajen hinji inda gishiri ke ɓuya, ka share kuma fuskar da zoben ke dannawa a ɗaya ɓangaren. Silin gashi ɗaya da ya gitta zobe hanya ce buɗaɗɗiya ga ruwa.

Sai batun giris, inda ƙaramin sani ke yin ɓarna. Giris ba ya toshe ruwa. Aikinsa ya sa zoben ya zame ya zauna daidai ba tare da ya murɗe ko ya tsage ba. In ya yi yawa, sai ya zama tarkon yashi da gashi. Ɗan ɗigo kamar kan ashana ya isa: murza shi tsakanin yatsu biyu, ka ja zoben ta ciki har ya yi sheƙi kawai, ba danƙo ba. Kuma ba kowane zobe ke son giris ba. Zoben da murfi ke zamewa a kansa kamar fistan yana buƙata. Faffaɗar robar da murfi ke dannawa kai tsaye, irin ta yawancin kwansunan roba na ƙananan kyamarori, a bushe take aiki, tsabta kawai take nema. Nau'in robar ma yana da magana: baƙin zobe yawanci nitiril ne, yana shiri da giris ɗin silikon, amma zoben da shi kansa silikon ne, wanda sau da yawa yake da launi, giris ɗin silikon na iya kumbura shi har ya fi ƙarfin gurbinsa. Yi amfani da wanda maƙerin kwanson ya ambata. Man shafawa na jiki da man inji ka nisanta su, suna lalata wasu nau'ukan roba. Haka man kariyar rana, maganin sauro na shafawa, da sinadaran goge-goge masu ƙarfi, suna sa robar jikin kwanso ta yi ƙananan tsagu.

Mayar da zoben ba tare da ya murɗe ba, ka bi shi da yatsa ya zauna ko'ina. Saka kyamara, ka rufe murfin da hannu tukuna har ya haɗu, sannan ka ja sakata. In ka ji sakatar tana gardama fiye da kullum, kada ka danne ta, buɗe ka duba. In kwanson mai gani-har-hanji ne, ɗaga shi ga fitila ka bi layin zoben: ya kamata ka ga siririn layi mai duhu, wanda bai yanke ba ko'ina. Inda ya yanke, nan ruwa zai bi.

Mataki na shida: gumi

Iska mai zafin digiri 30 tana iya ɗaukar kusan giram 30 na ruwa a kowane mita kubik, mai digiri 20 kuwa kusan 17 kawai. In ka rufe kwanso a iska mai zafi da laima, ka shiga ruwa mai sanyi, kyamara tana ɗumama ciki, gilashin gaba yana sanyi, rarar ruwan sai ta sauka a kan gilashin, daidai gaban ido. Maganin shi ne ka rufe kwanson a ɗaki mai na'urar sanyaya, inda iska ta bushe, kada ka sake buɗewa sai dole. Kada ka hura ciki da baki, numfashi jiƙe yake. Saka ƴan takardun shan laima a gefen kyamara, ka riƙa busar da su bisa umarnin maƙerinsu, ka ajiye su a leda mai zif. Rufe kwanson da jiƙaƙƙen tawul in kana jira a rana. Kashe Wi-Fi, GPS da allon gaba, ka riƙa ɗauka gajere-gajere, zafi ya ragu, batir ma ya huta.

Takardun nan su ma suna iya zama sanadi. Na taɓa rufe kwanso cikin sauri, kusurwar ɗaya ta leƙo ta kwanta a kan roba. Ban gani ba. Ina sauka mita 3 na hangi ɗigo yana gangarowa ta cikin gilashi. Kyamarar ta tsira don na fito da wuri, amma tun ranar nake tura su can ciki, in kuma duba layin roba sau biyu.

Mataki na bakwai: gwaji kafin amana

Sabon kwanso, sabon zobe, ko kwanson da ya daɗe a ajiye, kada ka ba shi kyamara sai ya ci jarrabawa. Saka busasshen tishu a ciki, wanda bai taɓa roba ba, ka rufe, ka danne shi da nauyi a ƙasan bokiti na rabin awa zuwa awa ɗaya. Danna kowane maɓalli sau da yawa yana cikin ruwan, domin kowannensu yana da nasa ɗan zoben. Goge wajen sosai kafin ka buɗe, in ba haka ba ɗigon waje ya faɗa ciki ya ruɗe ka. Bokiti yana kama babban yoyo ne kawai. In nutso mai zurfi za ka yi, sauka da kwanson babu kyamara a karon farko. Wasu kwansunan alminiyam suna da zobe biyu, wasu manya kuma suna da famfon zuƙe iska mai nuna ko akwai kafa tun a tudu. Ga mai nutso kullum, sun cancanci kuɗinsu.

Ranar aiki, tsoma kwanson da kyamara a ciki na daƙiƙa kaɗan, gilashi yana kallon ƙasa, ka ɗaga ka duba. Kumfa ɗaya-biyu daga lungun sakata ba komai ba ne. Jerin kumfa da ba ya tsayawa daga wuri ɗaya, fito da shi nan take. Kada ka yi tsalle da kyamara a hannu, shiga tukuna a miƙo maka. Da ka nutse, shafa gilashin da yatsa don kumfar da ta manne ta tashi, ka sake duba ciki a mita 3 zuwa 5.

Mataki na takwas: bayan fitowa

Gishiri ba ya ɓarna sosai yana jiƙe, sai ya bushe ya zama ƙanƙara mai kaifi a cikin maɓallai. Kada ka bar kwanso ya bushe da ruwan teku a jikinsa. Jiƙa shi a rufe cikin ruwan daɗi na minti 20 zuwa 30, kana danna maɓallan, kada kuma ka watsa masa ruwan famfo mai ƙarfi. Ruwan wurin ninƙaya ma a ɗauraye shi, saboda sinadarin kilorin. Goge shi, ka goge hannunka da gashinka, ka buɗe murfin yana kallon ƙasa. Maɓallin da ya fara nauyi ko ba ya dawowa da sauri, sake jiƙa shi a ruwa mai ɗumi. In bai saki ba, zobensa ko sifirin ɗinsa na neman canji. Wajen ajiya, bar murfin a buɗe ko ka cire zoben ka sa a leda, a inuwa, don kada ya baje. A jirgin sama ma kada ka kulle shi, bambancin matsi yana iya sa ya ƙi buɗuwa ko ya ture zoben daga gurbinsa. Mai shiga ruwa a kai a kai ya canja zobe duk shekara, ya kuma riƙa tafiya da na ajiya.

In duk da haka ka ga ruwa a ciki kana ƙasa, juya kwanson yadda ruwan zai taru nesa da ƙofar batir, ka kashe kyamarar, ka hau a saurin da ƙa'idar nutso ta yarda, har da tsayawar kariya, wato ɗan dakatawar da mai nutso ke yi kafin ya fito sama, in ta wajaba, kada ka yi tseren ceton kyamara da huhunka. Da ka fito, cire batir da katin ajiya, katin yakan tsira. In ruwan gishiri ya shiga cikin jikin kyamarar, ɗauraye wurin da ruwan daɗi, domin gishirin ya fi ruwan ci. Batirin da ya jiƙe ko ya kumbura kada ka sake caja shi. Sa kyamarar, ƙofofinta a buɗe, cikin rufaffen mazubi tare da buhunan shan laima masu yawa na kwana biyu ko uku, kada ka kunna ta don ka ga ko tana aiki kafin nan. Kwanson kuwa kada ka wanke shi tukuna: kai shi gaban fitila yadda yake, ka bi layin roba a hankali, galibi za ka tarar da gashin ko ƙwayar yashin tana nan kwance a inda ruwan ya bi.